Star Wars da Bayajidda: Sabuwar fasaha, tsohon tafarkin jarumi

Fim ɗin Star Wars, wanda George Lucas ya fitar a Amurka a shekarar 1977, ya yi fice da dabarun ɗauka. Jiragen sararin samaniyar da ke cikinsa ƙananan siffofi ne da aka ƙera. Kyamarar da kwamfuta ke sarrafawa ce take zagaya su, sai mai kallo ya ga kamar suna sheƙa gudu.

Ginshiƙin labarin kuwa daɗaɗɗe ne. Lucas ya amfana da littafin Joseph Campbell na 1949, wanda ya nuna cewa jaruman al'ummomi da dama tafarki guda suke bi: barin gida, samun makami, tunkarar dodo, ceton jama'a. Jarumin fim ɗin, Luke Skywalker, ya karɓi takobin haske daga hannun dattijo. Haka Bayajidda ya karɓi wuƙa daga maƙeran Gaya, ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu a Daura.

Masu shirya finafinan Hausa, daga Kano har Bauchi, sukan koka da ƙarancin kayan aiki. Kyamara sai da kuɗi, amma irin wannan labari yana nan a taskar gida, yana jiran marubuci.