Salamanda da kwaɗin Taraba: Haɗarin da ke cikin tafin hannu

Duk wanda ya bi gaɓar Kogin Lamurde a Jalingo da damina zai ji kukan kwaɗi, amma ba zai ga salamanda ba. Babu wannan halitta a Najeriya. A nahiyar Afirka ma sai a arewaci ake samun ta, wato Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Duk da haka, ƙa'idojin da masana suka shimfiɗa kan taɓa ta sun shafi kowane jami'in da aiki ke kaiwa dazuzzukan Taraba, domin ita da kwaɗo dangi ɗaya ne.

A ido salamanda ta yi kama da ƙadangare ko tsaka, sai dai kama da wane ba ta wane. Ba ta da ɓawo a jiki. Fatarta laushi gare ta da danshi, kuma ta nan take tsotsar ruwa da iska. Akwai nau'o'inta fiye da 700 a duniya, fiye da rabinsu kuwa ba su da huhu sam, da fata da cikin baki suke numfashi. Idan ƙafa ko wutsiya ta gutsure, wata kan tsiro a madadinta, abin da ya sa masu binciken lafiya suka daɗe suna nazarin ta.

Fatar da ke rayar da ita kuma ita ce lagonta. Gumi da sabulu da man shafawa da maganin sauro da ke hannun mutum duk suna iya ratsawa cikin jikinta. Haka abin yake ga kwaɗo.

Abin da ya fi wannan muni shi ne cutar fata mai kama da funfuna da ke kama wannan dangi. A 2013 masana suka bayyana wani nau'inta bayan ya kusan ƙarar da salamandar ƙasar Holan, kuma ana danganta isarsa Turai da fataucin dabbobin ado daga Asiya. A 2016 Amurka ta hana shigo da nau'o'in salamanda 201 saboda fargabar cutar. 'Yar'uwar wannan cuta ta riga ta yi wa kwaɗi mummunar ɓarna a Ostareliya da tsakiyar nahiyar Amurka, kuma tana iya bin laka a takalmi daga rafi zuwa rafi.

A nan ne batun ya iso Taraba. Gandun Dajin Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991, shi ne mafi girma a ƙasar nan, kuma rafukansa masu sanyi, tare da na Tsaunin Mambila da dajin Ngel Nyaki, matattara ce ta kwaɗin tsauni. Tawagar da ta tashi daga Jalingo zuwa Serti da takalman da ba a wanke ba na iya kai cuta inda ba ta taɓa zuwa ba.

Matakan kariyar ba su da tsada. Kada a ɗauki dabbar sai da dalili. In ya zama dole, a sa safar hannu ta roba marar hoda, a jiƙa ta da ruwa mai tsabta, a kuma sauya ta kafin a taɓa wata. Kada a matse ta, a kuma mayar da ita daidai inda aka same ta. A kankare laka, a wanke takalma da kayan aiki da ruwan bilic kafin a sauya wuri.

Shi ma mutum yana da nasa haɗarin. Fatar wasu nau'o'in na fitar da dafi mai raɗaɗi a ido da baki, sannan sukan ɗauki ƙwayar cutar salmonela mai haddasa gudawa. Don haka a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci, a kuma hana ƙananan yara wasa da su.

Ga jami'an da ke tsara tafiye-tafiyen aiki daga Abuja, kwalin safar hannu da jarkar bilic ƙaramin layi ne a takardar kasafi, amma ya kamata a rubuta su tun kafin a yi maganar mota da mai.