Daga Ƙonni zuwa Illela: wa ke yanke shawara kan manyan ayyuka?

Duk fatake da ma'aikatan da ke bin hanyar Dosso zuwa Maradi sun san gonakin rani na Birnin Ƙonni da hayaƙin masana'antar siminti ta Malbaza. Amma kaɗan ne suka san inda aka yanke shawarar yin su.

Mu ɗauki gandun noman rani na Ƙonni, mai faɗin hekta sama da 2000, wanda ke shan ruwa daga madatsun Mozage da Zango a kan gulbin Majiya. Gwamnatin tsakiya ce ta gina shi, ta danƙa kulawarsa ga hukumar ONAHA da aka kafa a 1978. Da magudanan ruwa suka lalace, kuɗin gyara sun fito daga yarjejeniyar dala miliyan 437 da Nijar ta sa wa hannu da hukumar MCC ta Amurka a 2016. Tashar lantarki mai aiki da hasken rana ta Malbaza, mai ƙarfin megawat 7, wadda aka buɗe a 2018, bashin Indiya ne ya biya ta. Duka biyun, a Yamai aka ƙulla su.

To, mene ne rabon jiha? Majalisar jihar Tawa, wadda aka fara zaɓa a 2011, ita ce ta riƙa tsara kundin ayyukan raya jiha, gwamna kuma ya riƙa duba ko ya dace da doka. Sai dai kasafinta bai kai na titi ko madatsa ba, kuma mai abu da abinsa shi ke da ta cewa. A watan Afrilu na 2024 ma, hukumomin soja suka rushe zaɓaɓɓun majalisu, suka naɗa wakilai a madadinsu.

Inda maganar talaka ke da nauyi shi ne batun fili. Tun dokar karkara ta 1993, akwai kwamitocin filaye a gundumomi, ƙarƙashin perfe, tare da sarakuna da wakilan manoma da makiyaya. Su ke tabbatar da mai gona, kuma da shaidarsu ake neman diyya.

Saboda haka manomin Illela ko ɗan kasuwar Malbaza da ke da fili a bakin hanya, ya nemi takardarsa tun kafin masu awo su iso. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.