Ina Ruwan Masai Ke Zuwa? Ƙwayoyin Halittar da Ke Cinye Mana Ƙazanta

Sau uku cikin shekara guda wata baiwar Allah ta kawo mana ɗanta asibiti da tsutsar ciki. Yaro tsaf-tsaf, farce a yanke. Ta ce da ni, "Sista, wai daga ina tsutsar nan take fitowa?" Da muka bi diddigi, ashe latas da kabejin da take saya, da dagwalon gari ake ban ruwansu. Mutanen Kano sun san yadda ake noman lambu a gefen Jakara. Tun ranar na fara tambayar kaina: ina ruwan masai ke zuwa, kuma wa ke tsabtace shi?

Tafki uku, aiki ɗaya

Birane da yawa suna tace ruwan ƙazanta a jerin manyan tafkuna. A Nairobi ta ƙasar Kenya akwai matatar Dandora a yankin Ruai, ɗaya daga cikin mafiya girma a Afirka. Ba injina ke yin babban aikin ba. Rana ce da iska da ƙwayoyin bakteriya.

Tafkin farko mai zurfi ne, mita 2 zuwa 5. Nan ƙazanta mai nauyi ke kwanciya ta zama laka, bakteriyar da ba ta buƙatar iska ta riƙa cin ta tana fitar da gas. Na biyu bai wuce mita 1 zuwa 2 ba. Gansakuka ke samar da iskar oksijin a samansa, wata bakteriyar ta yi amfani da ita ta cinye ragowar datti. A na uku, hasken rana da daɗewar ruwan ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta.

Idan laka ta yi yawa

Macen tsutsar ciki guda tana iya saka ƙwai kusan 200,000 a rana. Ƙwan yana da nauyi, don haka idan ruwa ya samu kwanakin da zai natsu a tafki, sai ya nutse cikin laka. Tun 1989 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ruwan da za a yi ban ruwan lambu da shi kada ya wuce ƙwai 1 a lita guda.

Amma laka tana taruwa shekara da shekaru. Idan ta cinye zurfin tafki, ruwa ba ya samun wurin zama: ya shigo, ya wuce da ƙwan tsutsa da ƙwayoyin amai da gudawa zuwa rafi. Wari kuma ya addabi maƙwabta. Shi ya sa masana ke cewa a kwashe lakar tafkin farko idan ta kai kusan kashi ɗaya cikin uku. Yasar kuwa akwai tsada, ga wahalar neman inda za a zuba.

Barin halitta ta yi aikinta

Don a jinkirta yasa, injiniyoyi kan ƙarfafa wa bakteriyar gwiwa. Wasu suna sa na'urar hura iska ko ta motsa ruwa, domin oksijin ya kai ƙasa. Wasu suna zuba ƙarin bakteriyar da aka raina musamman. Kamar yadda kindirmon jiya ke kama madarar yau ne, kuma zafi irin na ƙasarmu yana hanzarta aikin.

Sai dai a yi hattara da tallan 'yan kasuwa. Sakamakon zuba bakteriya ya bambanta daga tafki zuwa tafki. Abin da ke ruɓewa kawai take ci. Yashi da leda da tsumma suna nan daram, ƙwan tsutsa ma yana iya shekaru a raye cikin laka. Ana rage laka ne, ba a rabuwa da yasa.

Rabonki, uwargida

Ko garinku babu irin wannan tafki, ramin sokawe na gidanki ƙanen tafkin farko ne, bakteriya iri ɗaya ke aiki a ciki.

- Kada ki jefa famfas, audugar mata ko leda a masai.
- Ki rage kwarara bilic da maganin wanke masai. Kaɗan ya isa, da yawa yana kashe masu yi miki aiki.
- Baƙin mai, kananzir da ragowar man suya ba wurinsu ba ne.
- Ragowar maganin antibayotik ki mayar wa mai kemis ko asibiti.
- Kada a bar kowa ya shiga ramin. Gas ɗin ciki yana kisa cikin mintuna.
- Idan masu kwasa sun zo, ki tambaye su ina za su zubar.

Ganyen da za a ci ɗanye kuwa, ki wanke shi ɗaya bayan ɗaya da ruwa mai tsabta, kina murzawa. Gishiri ba ya kashe ƙwan tsutsa, dafuwa ce ke kashe shi. Ki tambayi ma'aikatan lafiya lokacin ba yara maganin tsutsa.

Ita waccan baiwar Allah ta sauya mai kayan lambu, ta koma dafa wa yaron kabejinsa. A unguwarku fa, ina motar kwasar masai ke kai kayanta? Ku faɗa mana a ƙasa.