Kujerar Mata a Kwamitocin Mujallun Ilmi

Daga Wakilinmu

Duk baƙon da ya sauka garin Gafasa, cikin Ƙaramar Hukumar Ajingi, in dai namiji ne, iyakarsa zaure. Can cikin gida kuwa, inda ake haihuwa da reno da jinya da ƙananan sana'o'i, mace ce kaɗai za ta shiga ta gane wa idonta. Sabo da haka binciken ilmi a kan rayuwar matan karkara yana hannun 'yan'uwansu mata masu ilmi. To, amma in mace ta gama bincikenta, wa ke yanke hukuncin buga shi?

Wannan aiki ne na kwamitin editocin mujallar ilmi, irin su Harsunan Nijeriya da Algaita na Jami'ar Bayero ta Kano. Kwamitin kowace mujalla shi ne ke zaɓen masanan da za su duba maƙala, sa'an nan ya karɓa ko ya mayar wa mai ita. Malamin jami'a kuwa ba ya samun ƙarin girma sai da maƙalolin da aka buga masa, kuma galibi daga cikin manyan malamai ake ɗibar 'yan kwamiti. Watau in mata sun yi ƙaranci a sama, da wuya a tuna da su ran rabon kujeru.

Matsalar ba ta ƙasarmu kaɗai ba ce. Mujallar kimiyya ta Nature, wadda aka kafa a Ingila cikin 1869, ba ta sami mace babbar edita ba sai 2018, lokacin da aka naɗa Magdalena Skipper. Takwararta ta Amurka, Science, wadda ta fara fita cikin 1880, sai 2013 Marcia McNutt ta hau wannan kujera.

A nan gida ba za a ce an rasa matan da suka cancanta ba. Farfesa Ruƙayyatu Ahmed Rufa'i ta riƙe Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya daga 2010 zuwa 2013, Farfesa Fatima Batul Mukhtar kuma ta zama Shugabar Jami'ar Tarayya ta Dutse cikin 2016. Tun kafin zuwan Turawa ma, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu cikin 1864, ta horar da jajis masu kai ilmi ƙauyuka.

Abin da ya kamata hukumomin jami'o'inmu su yi, har da ta Wudil da ke maƙwabtaka da ƙasar Gaya, shi ne su riƙa tallata guraben kwamiti a fili, su ƙayyade wa'adin zama, su kuma jawo ƙananan malamai mata cikin aikin duba maƙaloli domin su goge.

Iyaye ma da nasu rabon. Yarinyar da aka cire daga aji aka ɗora mata tiren talla a Gafasa, ba za ta taɓa kaiwa wannan kujera ba.