Wayar yayana ta faɗa ruwa a Bilita da bashin mutane a cikinta

Daga wakilinmu a Bilita

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar nan mai lamba 1, wadda ta taso daga Lome ta ratsa Atakpame da Bilita da Sokode da Kara da Dapango har ta dangana da Sinkase a bakin iyakar Burkina Faso, ya san cewa ɗan kasuwa a yau gara ya manta da jakar tufafinsa a tasha da ya manta da wayarsa. A cikinta yake ajiye hoton takardar duwan, da shaidar kuɗin da aka turo masa ta Flooz ko Mixx wanda a da ake kira T-Money, da muryar abokin ciniki yana faɗin ranar da zai biya.

Yayana na ɗaya daga cikin irin waɗannan mutane. Albasa yake saukowa da ita daga Sinkase, ya koma da doya da masara daga Bilita. Tun gobarar da ta cinye kasuwar Kara da babbar kasuwar Lome a watan Janairun 2013, inda mutane suka yi asarar kaya har da littattafan lissafi, ya ce shi ba ya ƙara dogara da takarda. Da ya sayi babbar waya, sai ya riƙa ɗaukar hoton kowane shafi na littafin bashinsa. Daga baya littafin ma ya daina kula da shi, tunda a ganinsa komai na cikin waya.

A daminar bara, ana lodin doya a tashar Bilita cikin ruwan sama, wayar ta zame daga aljihunsa ta faɗa kwata. Ya tsamo ta, ya goge da bakin riga, ya danna ta kawo haske. Da dare ya sa ta caji. Daga nan ba ta sake motsi ba.

Wannan cajin shi ne kuskurensa na farko. Ruwan da ya shiga waya ba ya kashe ta nan take. Wutar da ta bi ta cikin jiƙaƙƙen inji ita ke ƙona shi, sannan tsatsa ta biyo baya cikin 'yan kwanaki. Abin da ya kamata shi ne a kashe ta, a cire layi da katin memori, kada a kusantar da ita ga caja. Shi kuwa zancen binne waya cikin shinkafa, wanda ni kaina na sha faɗa wa mutane a gidan rediyo kafin in san gaskiya, ba ya tsotse ruwan da ke can ciki. Kamfanin Apple ma ya gargaɗi masu wayoyinsa da su daina.

Washegari muka kai ta wurin wani mai gyara a nan garin. Ya jujjuya ta, ya ce idan ta tashi zai yi mata filashin ta koma sabuwa fil. Yaya har ya miƙa hannu aljihu zai ba da kafin alƙalami. Na ce: "Yaya, dakata tukuna. Wayar kake so ko abin da ke cikinta?"

A nan ne mafi yawan mutanenmu ke tafka asara. Filashin, ko fomat kamar yadda wasu ke cewa, yana nufin a share duk abin da ke cikin waya a zuba mata sabuwar manhaja. Mai gyara ba mugunta yake yi ba. Aikinsa shi ne ya miƙo maka waya tana aiki, idan kuwa ba ka buɗe baki ka ce hotunanka kake nema ba, ba zai tambaye ka ba. Kuma wayoyin da suka fito da Android 10, wato daga 2019 zuwa yau, irin su Tecno da Infinix da Samsung da suka cika kasuwanninmu, suna kulle bayanan cikinsu da wani makulli da ke haɗe da injin wayar da lambar sirrin mai ita. Da zarar an share, makullin ya tafi. Duk wanda ya ce maka yana da manhajar da za ta dawo da hotuna bayan an yi wa irin wannan waya fomat, to ka riƙe kuɗinka. Ko ciro ma'ajiyar a dasa ta a wata wayar ba ya buɗe ta.

Muka ɗauki wayar muka nufi Sokode, inda wani yaro da aka kwatanta mana ya buɗe ta, ya wanke injin da sifirit, ya busar, ya canza wani ɗan ƙarfe da ya ƙone wajen bakin caji. Gilashin ya riga ya mutu, sai ya jona mata na aro. Ta kawo haske. Yaya ya sa lambarsa da hannu yana rawa, aka haɗa ta da kwamfuta, aka kwashe aljihun da ake kira DCIM, inda hotunan kyamara ke zama, da abin da ya samu na WhatsApp. Yaron ya ce da taɓawa ce kawai ta ƙi aiki, da ɗan kebul ɗin OTG da linzamin kwamfuta sun isa a buɗe ta. Ban matsa daga wurin ba har aka gama, domin waya akwai hoton iyali da na katin shaida, ba kowa za a bar wa su ba.

Shafukan bashi duk sun fito. Hotunan mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙanta, waɗanda ya ɗauka a sallarta ta ƙarshe, su ma sun fito. Amma ana tsakiyar kwashe saƙonnin murya wayar ta ɗau zafi ta sake mutuwa, ba ta kuma tashi ba.

Mutane da yawa sun ɗauka WhatsApp na ajiye musu saƙonni a can wurin kamfani. Ba haka ba ne. Da saƙo ya iso wayarka, a nan yake zaune, sai fa idan ka kunna ajiyar da ke tura kwafinsa zuwa asusunka na Google. Asusun nan yana ba kowa gigabait 15 kyauta, wanda Gmail da Drive da Google Photos ke rabawa. Ajiyar hotuna marar iyaka da ake yi a da ta ƙare tun 1 ga Yunin 2021, kuma tun farkon 2024 kwafin WhatsApp ma cikin wannan 15 ɗin ake lissafa shi. Saboda haka mai tara bidiyon wa'azi da na biki zai iya cika wurin bai sani ba, ajiya ta tsaya. Haka kuma tun Disambar 2023 Google na iya rufe asusun da aka shekara 2 ba a taɓa ba.

Babbar matsalar da na fi gani ita ce, mai shagon da ya sayar da waya shi ke buɗe wa mutum asusun, ya sa lambar sirrin da ya ga dama, mai waya ya tafi bai san sunan asusun ba balle lambar. Yayana haka yake. Da ma an yi ajiyar, ba mu da hanyar shiga. Ya kamata mutum ya rubuta su a takarda ya ajiye a gida, ya kuma haɗa asusun da layin da aka yi rajista da sunansa.

Wanda yake ganin data ta yi tsada, katin memori na nan, amma kada ya zama cikin waya ɗaya da hotunan, domin ɓarawon da ya zare waya a kasuwar Sinkase da katin zai tafi. A kwafa a katin duk ranar Juma'a, a bar shi gida. Idan kati ya lalace ya ce a yi masa fomat, kada a yarda, kada kuma a zuba masa sabon abu. Akwai manhajar kyauta mai suna PhotoRec, wadda wani Bafaranshe, Christophe Grenier, ya rubuta, sau da yawa takan tsamo hotuna daga irin wannan kati.

Yaya ya sa an buga masa shafukan bashin a takarda a Sokode, ya hau mota zuwa Dapango da su. Mutum uku suka biya ba gardama. Na huɗun, wanda cinikinsu duk ta saƙon murya aka yi shi, ya ce shi buhu 12 ya karɓa ba 20 ba, kuma har yanzu maganar na gaban sarkin zango.