Inshorar Gida a Damargu: Yadda Za Ka Auna Abin da Za Ka Biya da Abin da Za a Biya Ka

A farkon watan Satumba na shekarar 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa wanda yake tsaye tun ƙarni na 19. A wannan damina mutane fiye da miliyan ɗaya ne ambaliya ta shafa a Nijar, kuma jihar Damagaram tana cikin waɗanda abin ya fi yi wa ɓarna. Idan kana zaune a Tanut, ko Belbeji, ko Gangara, ko Bakin Birji, ka san yadda lamarin yake. Ruwan Damargu ba shi da yawa, amma wani lokaci na wata guda yakan sauko a dare ɗaya, katanga ta jiƙe, azara ta saki. Da rani kuma sai iska ta ɗauki tartsatsi daga murhu ta kai shi kan danni, daga danni zuwa rumbu.

Saboda haka ne wasu masu gida, musamman ƴan kasuwa da ma'aikata, suke tunanin yin inshora, wadda a nan Nijar aka fi sani da asirans. Kafin ka ba kowa kuɗinka, ga abubuwan da ya kamata ka sani.

Mece ce inshorar gida?

Yarjejeniya ce tsakaninka da kamfani. Kai kana biyan wani kuɗi kowace shekara. Shi kuma kamfani ya yi alkawari cewa idan wani haɗari da aka ambata a takarda ya sami gidanka, zai biya ka diyya. Idan shekara ta ƙare lafiya, ba a mayar maka da kuɗinka. A nan ta bambanta da adashe, inda kowa yake jiran ranar kwasarsa. A inshora mutane da yawa ne suke zubi, sai a ɗauka a biya ƙalilan da masifa ta sama.

Dokar ƙasa ta wajabta inshora a kan mai mota, amma inshorar gidan da ka mallaka kake zaune a ciki zaɓinka ne. Tun da ba dole ba ce, kana da damar yin tambaya, ka kwatanta, ka ƙi idan ba ta yi maka ba.

Wane ne yake da izinin sayar da ita?

Nijar tana cikin ƙasashe 14 na Afirka da suka haɗu a ƙungiyar CIMA. An sa hannu a kan yarjejeniyar kafa ta a Yawunde a 1992, kundin dokokinta ya fara aiki a 1995, kuma hedkwatarta tana Libarbil a ƙasar Gabon. Babu kamfanin da ya isa ya sayar da inshora sai da lasisi. Daga cikin kamfanonin da aka sani a ƙasar nan akwai SNAR Leyma, da CAREN, da NIA, da SUNU wanda a da ake kira UGAN. Manyan ofisoshinsu suna Yamai. Mutumin Damargu yakan yi hulɗa da su ne ta hannun wakili ko dillali, galibi a Damagaram, tafiyar kilomita wajen 150 daga Tanut.

Ka tambayi wanda ya zo maka da magana: wane kamfani yake wakilta, kuma ina takardar da ta nuna haka? Kada ka ji kunyar wannan tambaya. Wakilin gaskiya ba ya fushi da ita.

Tambaya ta farko ba ta kuɗi ba ce

Yawancin mutane da "nawa ne?" suke farawa. Ya fi kyau ka fara da "a kan me za ku biya ni, kuma a kan me ba za ku biya ba?" Kowace yarjejeniya tana da jeri biyu: haɗurran da kamfani ya ɗauka, da waɗanda ya keɓe. Doka ta ce a ba ka takardar bayani a kan farashi da waɗannan jeri biyu kafin ka sa hannu. Ta kuma ce abubuwan da aka keɓe a rubuta su da haruffa masu fitowa fili, ba a ɓoye su ba. Amma takardar da Faransanci take. Idan karatunka na Faransanci bai yi ƙarfi ba, ka tafi da ita gida, ka sami ɗanka ko malamin makaranta da ka yarda da shi ya karanta maka layi bayan layi. Wanda yake son sayar maka da abu ba shi ne ya kamata ya zama mai fassara maka shi kaɗai ba.

Gobara ita ce ginshiƙin kusan kowace inshorar gida, tare da tsawa da fashewar tukunyar gas. Duk da haka ka tambaya ko wutar daji tana ciki, idan gidanka yana gefen gari ko kusa da makiyaya. A arewacin Tanut da Belbeji, bayan damina mai kyau, busasshiyar ciyawa takan kama wuta ta ci nisa.

Maganar ruwa ita ce ta fi ruɗa mutane, don haka ka natsu a nan. A takardun inshora akwai abin da ake kira ɓarnar ruwa. Mai ji zai ɗauka ruwan sama ake nufi. Sau da yawa ba haka ba ne: abin da ake nufi shi ne bututun famfo da ya fashe, ko tanki da ya yi yoyo, wani lokaci da ɗigar rufi. Ambaliya, wato ruwan da ya taho daga ƙorama ko daga titi ya shiga gida, haɗari ne dabam, kuma a yarjejeniyoyi da yawa ba ta ciki sai an ƙara ta da ƙarin kuɗi. Haka nan guguwar da take yaye kwano. To, ka duba gidanka. Idan babu famfo a ciki, amma yana kwari inda ruwa yake taruwa, inshorar bututu ba ta amfane ka da komai ba. Ka faɗa wa wakili a fili: "Idan ruwan sama ya jiƙa katangata ta ƙasa ta faɗi, za ku biya?" In ya ce e, ka ce ya nuna maka layin da ya faɗi haka. Ranar biyan diyya abin da aka rubuta ake dubawa, ba abin da aka faɗa maka da baki ba.

Sata ma tana da sharuɗɗa. Kamfani yakan nemi ƙofa mai ƙarfi da makulli, kuma yakan so a ga alamar fasawa. Tsabar kuɗi da zinaren uwargida suna da iyakar da ba a wucewa, ko kuma ba sa ciki sam. Ɓarnar yaƙi da tarzoma doka ta keɓe su, sai idan an yi yarjejeniya ta musamman.

Sai kuma hakkin maƙwabci. A unguwannin da danni yake haɗe da danni, wutar da ta tashi daga gidanka tana iya cin gida uku. Ka tambaya ko kamfani zai biya maƙwabta idan laifin ya faɗo kanka. Idan haya kake yi, ginin ba naka ba ne, amma mai gida yana iya neman ka biya shi idan gobara ta tashi a hannunka; akwai inshorar da aka yi domin wannan.

Faɗi gaskiya a kan gininka

Za a tambaye ka da me aka gina gidan: tubalin ƙasa, ko ƙasa da aka shafe da siminti, ko bulo, rufin kwano, ko soro, ko ciyawa. Amsarka ce take sa farashi ya hau ko ya sauka. Ginin ƙasa da rufin ciyawa sun fi haɗari a idon kamfani, don haka yana iya tsawwala kuɗi, yana iya ƙi gaba ɗaya. Kada wannan ya sa ka ce bulo ne alhali ƙasa ce. Dokar CIMA ta ce wanda ya yi ƙarya da gangan yarjejeniyarsa ta ɓaci, kuma kuɗin da ya biya ya zama na kamfani. Idan kuskure ne ba da niyya ba, aka gano bayan asara, za a rage diyyar.

Haka kuma idan kana ajiye fetur na sayarwa a cikin gida, ko ka buɗe shago a zaure, ka faɗa. Rumbu da hatsin da yake ciki, da buhunan gero ko wake da ka tara domin kasuwa, ba sa shiga kai tsaye cikin kayan gida. A Damargu sau da yawa abin da yake cikin rumbu ya fi abin da yake cikin ɗaki daraja. Idan kana son a kare shi, sai an rubuta shi da sunansa da kimarsa. Dabbobi kuwa inshorarsu dabam ce.

Kimar da za ka rubuta

A nan mutane suke cutar kansu domin neman sauƙi. Ga misali, kuma lambobin na koyo ne kawai, ba farashin wani kamfani ba ne. A ce sake gina gidanka zai ci sefa miliyan 4. Kai kuma ka rubuta miliyan 2 don kuɗin shekara ya ragu. Gobara ta ci ɗaki biyu, asarar ta kai miliyan 1. Kana tsammanin a ba ka miliyan 1, tun da bai kai miliyan 2 ɗin da ka rubuta ba. Amma a bisa doka, idan ba a rubuta wani sharaɗi dabam ba, rabin gidan ka yi wa inshora, don haka rabin asarar za a biya: jaka 500. Sauran kai ne mai ɗaukarsa.

Ƙara kima ma ba ta da amfani. Inshora ba ta biyan fiye da abin da aka rasa. Idan ka rubuta miliyan 8 a kan gidan miliyan 4, ka ƙara wa kanka kuɗin shekara ne kawai. Kada ka sa kuɗin fili a lissafi, domin fili ba ya ƙonewa. Ka kira magini ya ƙiyasta maka siminti, da kwano, da katako, da ƙofofi, da kuɗin aiki, a farashin Tanut ko Belbeji, tare da kuɗin motar da za ta kawo kayan daga Damagaram.

Ka kuma tambaya ko za a cire kuɗin tsufa. Kwanon da ya shekara 15 a kan rufi ba a biyansa da kuɗin sabo, sai idan yarjejeniya ta ce haka.

Yanzu sai maganar farashi

Kuɗin da za ka biya kashi uku ne: kuɗin inshorar kanta, da kuɗin takardu, da haraji. Ka nemi a rubuta maka jimillar duka. Bayan wannan akwai abin da ake kira faranshiz, wato kason asara da yake kanka a duk lokacin da abu ya faru.

A ce kamfani na farko ya nemi jaka 25 a shekara, faranshiz ɗinsa jaka 100, kuma gobara kaɗai ya ɗauka. Na biyu ya nemi jaka 40, faranshiz ɗinsa jaka 25, ya haɗa da guguwa da hakkin maƙwabci. Iska ta yaye maka kwano na jaka 150. Na farko ba zai ba ka ko dala ba. Na biyu zai ba ka jaka 125, idan ba a cire kuɗin tsufa ba. Bambancin jaka 15 a shekara shi ne kuɗin wannan kariya. Ka karɓi takardun kamfani biyu ko uku, ka shimfiɗa su a tabarma ɗaya, ka kwatanta su a kan gida ɗaya da kima ɗaya.

Tun 2011 dokar CIMA ta tsananta a kan biya: yarjejeniya irin ta gida ba ta fara aiki sai an biya kuɗin. Babu bashi, babu "zan kawo bayan kaka". Ka karɓi rasit mai sunan kamfani, da ranar farawa da ranar ƙarewa. Ka ajiye kwafinsa a wani gida dabam, ko ka ɗauki hotonsa da waya, domin takardar da take cikin akwati tare da gidan take ƙonewa.

Wasu suna da damuwa ta addini, kuma malamai sun yi saɓani a kan inshorar da aka saba. A 2019 CIMA ta fitar da ƙa'idar inshorar Musulunci da ake kira takaful, wadda aka gina a kan taimakon juna. Kana iya tambayar kamfani ko yana da wannan sashe, ka kuma nemi shawarar malaminka.

Idan kuma ka auna ka ga kuɗin ya fi ƙarfinka, ko kamfani ya ƙi ginin ƙasa, ba aibi ba ne. Jaka 40 ɗin nan tana iya zama yaɓe kafin damina, da gyaran indararo, da magudanar ruwa a gindin katanga, da nisanta rumbu daga murhu. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991, da yawansu suna ware asusun taimako domin irin wannan rana. Ba zai sake gina gida ba, amma yakan sayi tabarma da tukunya da abincin kwanaki.

Ranar da abin ya faru

Ka sanar da kamfani da wuri, kuma a rubuce. Yarjejeniyarka za ta faɗi wa'adi. Doka ta ce kada ya gaza kwana 5 na aiki, amma na sata awa 48 ne. Daga Belbeji zuwa Damagaram da damina wannan lokaci ba shi da yawa, saboda haka tun ranar sa hannu ka tambaya ko saƙon waya ya isa, kuma wace lamba za a kira. Ka ɗauki hotuna kafin a share wuri. Idan sata ce, ka kai ƙara wurin jandarma ko ƴan sanda ka karɓi takarda. Kada ka zubar da ƙonannen kaya sai mai ƙiyasi na kamfani ya gani. Idan ƙiyasinsa bai gamsar da kai ba, kana iya kawo naka mai ƙiyasin; ka tambaya tun farko wa zai biya shi.

Kafin ka zaɓi kamfani, ka bincika a kasuwa da tasha. Direbobin hanyar Damagaram zuwa Agadas sun daɗe suna hulɗa da kamfanonin nan saboda motocinsu, sun san wanda yake biya da wanda yake jan ƙafa. Idan aka hana ka hakkinka, kana iya kai kuka ofishin kula da inshora na ma'aikatar kuɗi a Yamai, ko ka je kotu. Wa'adin kai ƙara a kan yarjejeniyar inshora shekara 2 ne daga ranar da abin ya faru.