Kunya ce ko cuta? Yadda likitoci ke auna tsoron shiga jama'a

A unguwar Kwarbai da ke cikin ganuwar birnin Zariya, yaron da ya durƙusa ya sunkuyar da kai a gaban malaminsa, yabo yake samu a kan kyawun tarbiyya.

To amma a wata takardar tambayoyi da likitocin ƙwaƙwalwa ke amfani da ita a ƙasashe da dama, kauce wa haɗa ido da baƙo yana cikin alamun larurar tsoron shiga jama'a.

Larurar dai ita ce matsanancin fargabar cewa mutane na sa wa mutum ido, za kuma su ga kasawarsa, abin da kan sa zufa ta keto masa, murya ta riƙa rawa, har ya guji taro baki ɗaya.

Tambayoyi da maki

Wani likitan Amurka, Michael Liebowitz, shi ne ya fito da takardar a 1987. Ta jera yanayi 24, kamar cin abinci a bainar jama'a da magana a gaban taro. A kowanne, mutum zai bai wa tsoronsa maki daga 0 zuwa 3, haka ma yawan gudun da yake yi wa yanayin.

A 2000 kuma masu bincike a Jami'ar Duke suka wallafa wata mai tambayoyi 17, wadda mutum ke cikawa da kansa, ana kiranta SPIN. Wanda makinsa ya kai 19 cikin 68 akan so likita ya duba shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne, a Amurka aka tsara tambayoyin. Bahaushen da bai cin abinci a gaban surukinsa, ko yake sassauta murya a gaban hakimi, zai iya tara maki alhali lafiyarsa ƙalau. Musulunci ma ya sanya kunya cikin rassan imani.

Akasin hakan ya fi haɗari. Ɗalibar da ta daina shiga aji don gudun a ce ta tashi ta yi karatu, sai a ce ai kunya ce da ita, ta shafe shekaru ba wanda ya lura.

Alƙaluman Najeriya ma sun sha bamban. Binciken da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a farkon shekarun 2000, wanda aka fassara tambayoyinsa zuwa harsunan gida har da Hausa, ya gano larurar a ƙasa da kashi 1 cikin 100 na manya, yayin da irinsa a Amurka ya nuna kashi 12. Amma wani da aka wallafa a 2009 a kan ɗaliban jami'a a Ibadan ya samu kimanin kashi 9.

Shi ya sa likitoci ba sa yanke hukunci da maki kaɗai. Sukan tambaya ko tsoron ya kai wata shida, ko ya wuce abin da al'adar wurin ta saba da shi, ko kuma ya hana mutum karatu, sana'a ko neman aure.

Ana maganin larurar ta hanyar zama da ƙwararre mai saba wa mutum da abin da yake tsoro sannu a hankali, wani lokacin a haɗa da magunguna. Mazauna Zariya na iya zuwa sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna.